Mu Ɗaga Hannu, Mu Kuma Wanke Shi

Ruwa ya sauka, alhamdu lillahi, shuka ta yi kyau. Amma duk wanda ya kwana biyu a duniya ya san damina ba ita kaɗai take zuwa ba. Idan kwatoci suka cika suka tumbatsa, masai ya yi ambaliya ya gangara rijiya, to baƙuwar nan tana bakin ƙofa. Likita ya ce kwalara, mu mu ce amai da gudawa. A kanta zan yi kira, kuma zan fara da abin da ya faru a gabana, don kada a ce labarin rediyo nake ba ku.

A daminar 2021, a layinmu, wata baiwar Allah, uwar 'ya'ya biyar, ta wayi gari garau, har ta share tsakar gida ta dama koko. Da hantsi cikinta ya ɓaci. Gudawar ba irin wadda aka saba ba ce, fara ce, tsararo, kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ga amai yana biye. Abokiyar zamanta ta ba ta jiƙo, aka aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya. Wasu suka ce a kai ta asibiti, wasu suka ce mai gida yana kasuwar ƙauye, wayarsa ba ta shiga, wa zai fitar masa da mata ba izini? Kafin la'asar idanunta sun zurma, murya ta dushe, ƙafafu suna ɗaurewa. Uwargidana da ta shiga duba ta, ta ce in ka ɗan tsunkuli fatar hannunta ka saki, sai fatar ta tsaya cak, ba ta komawa. Mai gida ya iso bayan isha'i, aka nemo a-daidaita-sahu. A hanya rai ya yi halinsa.

Washegari muka yi abin da muka gada, abin da nake alfahari da shi har gobe: unguwa ta cika gidan. Aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta. Mata suka wanke zannuwanta da tabarmarta a bakin rijiyar tsakar gida, don su rage wa marayu aiki. Aka dama kunu saboda masu zaman makoki. Randa ɗaya a zaure, moɗa ɗaya, kowa ya tsoma hannu ya ɗiba ya sha, ni ma na sha. Kafin sadakar bakwai gida huɗu suna jinya, muka sake komawa maƙabarta da ƙaramin yaro a hannu. Babu mugu ko ɗaya a cikinmu. Zumunci ne ya tara mu, shi kuma cutar ta hau ta zaga gida-gida.

A waccan shekarar, ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta nuna mutum fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,500 suka riga mu gidan gaskiya, Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna sahun gaba. Cutar ba ta tsaya nuna fasfo a kan iyaka ba, ta shiga Maraɗi da Damagaram. Kafin nan ta yi mana ɓarna a 1991, ta sake yi a 2010. Abin da ke ƙona rai shi ne, masana sun tabbatar cewa idan aka ba mai kwalara kulawa da wuri, a cikin mutum 100 ba a rasa ko ɗaya cikakke. Mu kuwa muka rasa fiye da 3 a kowane 100. Ragowar nan jinkiri ne ya ci su, da kunya, da "bari mu gani zuwa safiya".

Kada wani ya ɗauka cewa na zo in ce a rage addu'a. Wallahi a'a. Na ga mijin baiwar Allahn nan a kwanakin da suka biyo baya, babu abin da ya riƙe shi sai sahun sallar asuba da hannayen da ke dafa kafaɗarsa bayan an sallame. Mutanen da ke da alƙunutu, da sadaka, da saukar Alƙur'ani, da maƙwabcin da zai shigo da kwanon tuwo ba a roƙe shi ba, suna da garkuwar da kuɗi ba ya saye. A ci gaba da alƙunutu, a ƙara sadaka, a roƙi Allah ya ɗauke mana. Abin da nake ƙi shi ne a mai da tawakkali tabarmar barci.

Ku tuna shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham. Sayyidina Umar ya kama hanya zai je can, ya isa wani wuri da ake kira Sarag, kwamandojinsa suka tarye shi da labari. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya tara Muhajirai ya ji ta bakinsu, ya tara Ansaru, sannan ya tara dattawan Ƙuraishawa, daga ƙarshe ya ce a juya Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrahi, wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kira amintaccen wannan al'umma, ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ɗanyar ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya sanar da su ya ji Annabi ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudun ta. Umar ya gode wa Allah, ya juya. Abu Ubaida ya zauna da rundunarsa har annobar ta ɗauke shi, ta ɗauke Mu'azu ɗan Jabal. Da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi, sai ya umarci mutane su daina cunkushewa, su watsu cikin duwatsu, Allah kuma ya kawo sauƙi. Yanzu don Allah, waninmu ya fi Umar imani da ƙaddara? Waninmu ya fi shi tawakkali?

Akwai maganar da muke rarrashin juna da ita a wurin makoki, kuma gaskiya ce: ya tabbata a hadisi cewa wanda ciwon ciki ya kashe yana cikin shahidai. Allah ya sa haka ga dukkan waɗanda muka rasa. Sai dai shahadar nan ladan mamaci ce. Ba ta wanke wanda ya haƙa masai taku biyar daga rijiya, ba ta wanke wanda ya saki bututun bayan gidansa cikin kwatar layi, ba ta wanke mai mulkin da ya bar famfo shekara da shekaru ba ɗigon ruwa. Addinin da ya yi wa mamacin bushara shi ne ya yi kakkausan gargaɗi ga mai yin bahaya a mashayar ruwa, ko a kan hanya, ko a inuwar da mutane ke hutawa. Shi ne ya ce a rufe ƙwarya da tulu idan dare ya yi. Ɗalibin da ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya, kafin ya kai babin salla sai ya bi ta babin tsarki, ya koyi wane ruwa ne ya halatta, wane ne launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita. Mun haddace wannan tun muna yara a zaure. Kwalara kuwa hanyarta ɗaya ce tak: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani, ta ruwa, ta hannu, ta abinci, ta ƙafar ƙuda. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ma ba sa kwanciya, suna yawonsu lafiya lau, suna zubar da ita kwana da kwanaki. Shi ya sa kallon fuska ba ya gaya maka hannun wa za ka yarda da shi a cikin randa.

Malam liman, Allah ya gafarta malam, da kai zan fara, don lasifikar masallacinka ta fi gidan rediyo shiga ɗakunan unguwa. Sau biyar a yini ana jin muryarka. Bayan an shafa fatiha, ƙara minti biyu: a tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka, ko a sa masa kulorin a jira rabin awa, alif yana kwantar da laka, amma ruwa ya yi garai-garai ba shi ne ya tsarkaka daga cuta ba, wanda ya ga farar gudawa a gidansa kada ya kwana da ita. A ɗebi wani abu daga asusun masallaci a ajiye sabulu a wurin alwala da bakin bayan gida, in babu sabulu ko toka ce a ajiye. Butocin nan da ke kwana a ƙofar bayi, hannu ɗari na taɓa su, a riƙa wanke su. Malamai masu ba da rubutu, ba na ce ku daina ba, amma a wanke allon da tafasasshen ruwa, kada a je neman waraka a sha cuta da sunan Allah.

Magidanta, ku saurara da kyau, don wannan tamu ce. Tun yau, kafin ka sa ƙafa ka fita, ka tara iyalinka ka ce: duk wanda amai da gudawa ya kama a gidan nan, babba ko yaro, dare ko rana, ina nan ko ba na nan, na ba da izini a tafi asibiti. Ka ajiye kuɗin mota a inda uwargida ta sani. Ciwon nan yana iya tsotse ruwan jikin ƙato cikin awoyi kaɗan, ba ya jiran ka dawo daga kasuwa. Kuma mu daina ɓoye mara lafiya don kada a ce gidan wane ƙazamai ne. Kunyar ta kwana nawa ce? Ƙwayar kemis ba ta mayar da ruwan da ya zube, ƙarin ruwan da ake rataya wa mutum a ƙusar bangon ɗaki kuwa sau da yawa kasada ce. Ga kuma kwanon wanke hannun da muke zagayawa da shi kafin cin tuwo, mutum goma su tsoma a ruwa ɗaya, na ƙarshe ya wanke hannunsa da dattin mutum tara. A ɗauko buta, ƙaramin cikinmu ya zuba wa kowa, da sabulu. Ladabi ne ma ya ƙaru.

Iyayenmu mata, maganin da ya fi ceton rai a wannan ciwo yana cikin madafarku. Lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wato leda biyu ta fiya wata mai rabin lita, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, ba a tula ba, da rabin cokalin na gishiri. A motsa. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. In akwai ƙullin ORS na asibiti ya fi, a ajiye shi a gida tun kafin a buƙace shi. A fara ba mara lafiya tun gudawar farko, kurɓi-kurɓi, in ya yi amai a dakata kaɗan a ci gaba, ana ba shi ana tafiya asibiti, har a cikin a-daidaita-sahu. Mai goyo kada ta janye nono.

Kada ku raina wannan haɗi don arharsa. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, kwalara ta faɗa sansanonin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a cikin durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ɗiba suna ba su da kofi. Mace-macen da ke kusan 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4. Daga baya, a shekarun 1980, ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida a ƙauyukan Bangaladash, ƙasar Musulmi 'yan uwanmu, suka koya wa miliyoyin iyaye mata haɗin da yatsunsu, da gishiri da mazarƙwaila. Mu kuwa ba sai mun je aro ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajis tana ɗora musu malfa, suna bin ƙauyuka suna kai wa mata ilimi har ɗaka, tun babu mota babu waya. Ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani. Malaman Islamiyyar matan aure, ungozomomi, shugabannin adashi, ku ne jajis na yau. Kowace ta ɗauki gida goma. Ta shiga da cokali a hannu, ta haɗa a gabansu, ta sa su haɗa a gabanta.

Maganar gawa tana da nauyi, amma dole a faɗe ta. Jikin wanda kwalara ta kashe, da tufafinsa, da shimfiɗarsa, cike suke da ƙwayar. Wankan mamaci farilla ce ta kifaya, idan mutum biyu ko uku suka yi ta sauka daga kan kowa. To su ukun nan su sa safar hannu, su nemi ma'aikatan lafiya su ba su ruwan kulorin, a zubar da ruwan wankan a rami nesa da rijiya, kuma wanda ya yi wanka kada ya taɓa tukunyar abinci a ranar. A yi salla, a raka, a yi ta'aziyya, a yi addu'a. Girkin taro da randar zaure a ɗage su har annoba ta wuce. Mai son ya yi wa mamaci sadaka ya aiko wa marayu ɗanyen hatsi da sabulu, ladansa na nan.

Malaman tsangaya, yaran nan amana ce a hannunku, kuma su ne ke cin ragowar da ta kwana a buɗe, su ne ba su da makewayi. Unguwar da ke alfahari da makarantar allo mai almajiri 100 amma ba ta gina musu bayan gida ko ɗaya ba, ta san inda yaran ke zuwa, ta kuma san inda ruwan sama ke kai shi. Alhazai masu hali, kafin a ƙara wa masallaci tayil da fanka, a leƙa bayansa. Rijiyar burtsatse da makewayi mai ƙofa huɗu sadaka ce mai gudana, ko da ba a manna mata allo da sunan kowa ba. 'Yan garuwa, ku wanke jarkokinku da kulorin, ku faɗa mana gaskiyar inda kuka ɗebo. Masu zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, ku ji tsoron Allah a kan ruwan da kuke haɗawa da shi. Maƙwabtanmu Kirista, kwata ɗaya ta ratsa ƙofar masallaci da ƙofar coci, mai garuwa ɗaya ke sayar mana. Abin da liman ya faɗa ran Juma'a, fasto ya maimaita ran Lahadi.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da duk abin da ya fito daga hannun hukuma ko Turawa, kuma ba banza ba. Kano ba ta manta 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya kashe dubban mutane, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin wani gwaji da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003, cutar ta sake bazuwa, yara suka nakasa. Amma ku tuna yadda aka fita. Sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai ne suka bincika, suka gamsu, suka shige gaba, wasu suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, har a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Mu ne muka yi wannan aikin. Kwalara ma tana da rigakafi na sha, an yi amfani da shi a Borno a 2017 lokacin da ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira. In ya zo unguwarku ku yi tambaya, haƙƙinku ne, ku tafi da malaminku da ɗan unguwa mai aikin asibiti a yi muku bayani. In kun gamsu ku sha, ku ba yara.

Gwamnati kuma ba za mu sauke mata nata kayan ba. Ruwan famfo da kwashe shara da magani a asibitin unguwa ba alfarma ba ne. Mai unguwa ya rubuta, dagaci ya sa hannu, a tafi wurin kansila da ciyaman a ƙungiyance, a koma, a sake komawa. Idan aka ga mutum biyu ko uku da farar gudawa a layi ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar, ko a kira lambar NCDC ta kyauta, 6232.

Saura ku, samari. Majalisar bakin titi da ke raba dare tana musun ƙwallo, ƙarfin nan naku unguwa tana bin sa bashi. Kakanninku da gayya suke nome gonar gajiyayye, da gayya suke yaɓe katangar gari. Kwatar layinmu yau ta toshe da leda tun daga bakin masallaci har gidan mai unguwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya za ta shiga gidaje uku da na sani, biyu a cikinsu da rijiya a tsakar gida. Na yi magana da liman, zai yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Asabar ƙarfe 7 na safe a ƙofar masallaci. Mai shebur ya zo da shebur, mai manjagara ya zo da ita, mai baro ya turo. Wanda ba shi da ko ɗaya ya zo da buhu. Sabulu da butar wanke hannu idan an gama, ni zan kawo.